Masaukin Inna a Yamai

Da sunan Allah nake farawa, shi ke fitar da matafiyi, shi ke komo da shi ɗakinsa.

Tun da muka dawo daga Yamai, can ƙetaren iyaka inda mutanenmu ke ce wa ƙasar Faransi, ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna a inuwar bakin tasha a kewaye ni. Malam, yaya ƙasar Faransi? Ina kuka sauka? Me kuka ci? Da tsada? Wasu suna tambaya don suna da niyyar zuwa da iyali, tun da yanzu kuɗi sun shigo hannun mutane. Wasu kuwa hira kawai suke so. Kowa ya kama guntun da ya ji ya tafi da shi, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin tun daga farko, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ni malamin Arabiyya ne a firamaren Kankiya. Maiɗakina Hajara Bafillatana ce, 'yar Kaikai ta ƙasar Kusada. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, tana da ƙanwa, Goggo Dije, da aka kai aure tun suna 'yan mata wajen wasu Fulani a ƙetaren gulbin Yamai, ba su sake ganin juna ba. Shekarar da aka yi mana ƙarin albashi, wani mai fataucin shanu ya kawo saƙon baki cewa Dije tana raye, tana gai da yayarta. Inna ba ta ce a kai ta ba, irinsu ba sa roƙo. Hajara ce ta ce mini tun ranar tsohuwar ta rage magana. Na ce to, hutun makaranta ya zo, mu kai ta, mu ma mu ga gari, yaran nan biyu su ga gulbi.

Kowa ya san surukuta, amma ta mutanen Kaikai ta fi ta cikin gari nauyi. Tun da na auri Hajara ban taɓa kai loma baki inda Inna za ta gan ni ba, ita ma haka. In na je gaisuwa daga nesa nake tuɓe takalma in durƙusa, ta kawar da kai ta amsa. Bayan wannan kuma Inna ba ta cin abinci a gaban kowane baƙon namiji, ko da ɗan jikanta ne a shekaru. Na san duk wannan, amma ban sa shi cikin lissafin tafiya ba. Na shirya takardu, na shirya guzuri, na ɗauka na gama.

Daga Kankiya zuwa Katsina, daga Katsina zuwa Jibiya, ba abin faɗi. A iyaka ne muka fara ganin sauyi. Jandarmomi suka sauke mu duka, aka jera mu a rana, kowa da takardarsa a hannu. 'Yan duwan kuma, wato kwastan ɗinsu, suka hau kan kaya. Inna ta riƙo goran man shanu don ƙanwarta, ta liƙe bakinsa da kyau. Wani ɗan duwan ya ɗauko tsinken ƙarfe zai soka ciki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, man shanu ne, tsarabar tsohuwa."

Ya ce, "Kowa haka shika cewa, Malam. Jiya na tsamo agogo cikin man shanu."

Ya soka, ya zaro, ya lashi tsinken. Sai ya ce, "Wannan kam na kirki ne." Ya so ya sake sokawa, Hajara ta janye goran.

A Maraɗi muka sauka gidan wani Alhaji Mamman mai sayen gyaɗa, wanda ya taɓa sauka gidanmu a Kankiya. Maraɗi gida ce. Maganarsu tamu, tuwonsu namu, furarsu ta fi tamu kauri kaɗan. Mata suka shige ciki, ni aka shimfiɗa mini a zaure, ba wanda ya yi zancen kuɗi. Wannan karɓar ce ta ruɗe ni, na zaci haka hanyar take har Yamai.

Daga nan muka shiga babbar mota mai bodin katako, an jera benci a baya, maza da mata da buhuna da awaki. Direban Bazabarme ne, mai son gudu, motarsa kuwa ba ta son gudu. Ba mu yi nisa ba taya ta fashe. Aka gyara, sai ta fara zafi, a tsaya a ba ta ruwa kamar jaki. Tafiyar da aka ce mana gajera ce ta miƙe ta zama ta kwanaki, kwana a tasha, tashi a tasha.

A Birnin Ƙonni ina sayen tsire Hajara ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, Inna fa ba ta sa komai a baki ba tun Maraɗi."

"Subhanallahi. Ba lafiya?"

"Lafiyarta lau. A ina za ta ci? Ga ka, ga maza cike da mota."

"To bari in koma bayan tasha."

"Kai kaɗai ne namiji a Ƙonni?"

Ruwa kawai Inna take sha, shi ma sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Na je na roƙi wata mai tuwo ta bar tsohuwa ta shiga rumfarta ta baya. Matar ta yarda, amma kafin a lallashi Inna ta sauko, direba ya danna ƙaho, aka ce wanda bai hau ba ya kwana. A Dosso Hajara ta ɗaura zane tsakanin benci da bodin mota, ta tura ƙwaryar fura ƙarƙashi. Daga inda nake na ji amsar: "Na ƙoshi." Ƙwaryar ta fito yadda ta shiga. Na ce wa kaina ba komai, da mun isa gidan Goggo Dije magana ta ƙare.

Muka isa Yamai da hantsi, cikin zafin bazara. Muka ɗauki tasi ta haye da mu gada zuwa ƙetare, yara suna ihun ganin ruwa. Da muka kai wurin da aka kwatanta mana, sai muka tarar da kufai: turaku a tsaye, shanu babu, bukkoki sun zube. Wani tsoho mai saƙar igiya ya ce fari ya kore su, sun yi kudu da abin da ya rage na dabbobi. Amma akwai wani ɗan'uwansu da ke zuwa kasuwar shanu duk ranar kasuwa, shi ya san inda suke. Ranar kasuwar kuwa ta wuce, sai ta gaba.

Bari in faɗa tun yanzu don kada hankalin mai karatu ya rabu biyu: ɗan'uwan nasu ya zo, ya kai saƙo, Goggo Dije ta zo da ƙafarta, an ga juna, an yi kuka, an ba da man shanu. Wannan ya tafi daidai. Abin da ya dame ni a ranar shi ne abin da na gani da muka juyo. Inna ta ɗaga ƙafa za ta shiga tasi, ƙafar ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Hajara ta ɗaga ta kamar ana ɗaga yaro. Na san in ban sami wurin da za ta ɓuya ta ci abinci ba, ba Goggo Dije za mu nema ba, asibiti za mu nema.

Na bar su a inuwar wani masallaci na shiga neman masauki, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. A garinmu baƙo ba ya neman ɗaki, ɗaki ke nemansa.

Na fara da zango, wajen wani fatoma, mai saukar da fatake, Bakatsine. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo ruwa.

Ya ce, "Mi kuka kawo, Malam? Shanu ko goro?"

Na ce, "Iyali."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Iyali! To la'adar iyali nawa ce?"

A nan na fahimci yadda abin yake. Fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki, domin a cinikin kayanka yake cin nasa. Wanda ya zo hannu sake ba shi da gurbi a tsarin. Duk da haka mutumin ya yi kirki, ya ce ni kam ga zaure, in kwanta cikin fatake. Mata kuwa ya rantse mini cikin gidansa fari ya cika shi da dangi, har madafa akwai masu kwana.

Na je babban otal na bakin gulbi, don kada a ce ban gwada ba. Akawun ya dubi rigata, ya dubi takalmana, ya faɗi kuɗin ɗaki. Na sa ya maimaita. Kwana ɗaya ya kusa cinye albashin wata, ƙarin da aka yi mana da duka. Ya kuma nuna mini inda ake cin abinci: babban falo, tebura a jere, maza da mata suna kallon bakin juna. Na yi godiya na fito.

Kusa da tasha akwai ɗakunan haya masu araha, jere kamar shagunan kasuwa. Wanda zai je shi kaɗai, nan ya dace da shi. Amma ƙofofin duk tsakar gida ɗaya suke kallo, labulen tabarma ne kawai, direbobi da 'yan kamasho suna kai da komo ba riga. Nan muka kwana don dole. Hajara ta sayo shinkafa, na fita waje na daɗe. Da na komo ta girgiza mini kai. Wani ya ɗaga labulen yana neman ashana, shi ke nan.

Da safe ina zaune wajen wani mai shayi, mutumin Daura, na faɗa masa damuwata. Shayinsu a kofin gilashi ne, madara ta fi ruwa yawa, burodinsu kuwa dogo kamar sanda, mutum ya saƙala shi a hammata ba takarda ba komai ya yi ta tafiya. Mai shayin ya yi ta goge teburinsa, ya ƙi kallona.

Can ya ce, "Akwai wani wuri, Malam. Amma in ka je kada ka ce ni na faɗa ma."

Wurin mashaya ce. Mai ita wata 'yar Dahomi ce, ana ce mata Madam Afi, ƙatuwar mace mai fara'a, da ɗan gicciye a wuya, Hausarta ta kasuwa ce amma ba ta rasa kalma. Daga titi ka shiga tsakar gida mai rumfar kwano, da tebura, da firji mai kananzir, da garmaho. A can ƙarshe akwai ɗan lungu, da ƙofar kwano. Bayan ƙofar sai ga ƙaramin fili kewaye da katanga doguwa, da ɗaki ɗaya, da famfo, da bishiyar dalbejiya. Akwatunan kwalabe take ajiyewa a ciki. Kuɗin da ta faɗa bai kai na ɗakunan tasha ba, don ba mai iyalin da ke nema.

Na san hukuncin zama inda ake shan giya, ni ke karantar da shi. Na tsaya ina duban katangar nan, ina tuna ƙafar Inna. Na ce a kwashe kwalabe, a wanke ɗakin. Da sanyin safiya, kafin a buɗe wurin, na shigo da su. Inna tana jingine da Hajara, fuska a rufe, ba ta ga ta inda aka bi da ita ba.

Hajara ta sayo nono wajen Fulani a ƙaramar kasuwa, ta dama fura. Na fita titi na tsaya. Ban daɗe ba na ji ihunta. Wani da ya sha ya yi tatul ya bi lungun yana neman makewayi, ya tura ƙofar ya shiga. Na jawo shi da wuyan riga. Na nemi a sa sakata, Madam ta ce ina, famfonta na ciki, yaranta suna ɗiban ruwa kowane lokaci.

To ga yadda lissafin ya tsaya. In na zauna ciki, Inna ba za ta ci ba. In na fita titi, na bar mata da mashaya. Wuri ɗaya ya rage: teburin da ke bakin lungun, cikin rumfa. Na ja kujera na zauna, na fito da carbi. Bayan wani lokaci ƙofar kwanon ta buɗe kaɗan, Hajara ta ɗaga ƙwarya ta kifa ta don in gani. Ba komai ciki. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har mutanen teburin gaba suka waiwayo.

Haka muka ci gaba. A Yamai in rana ta take sai gari ya rufe, ofis da kanti duka, kowa ya tafi ya ci ya kwanta sai la'asar. Wannan ɗabi'a na yaba da ita, da za a kawo mana. Sai dai lokacin ne mashaya ke cika da akawuna da masinjoji, kuma lokacin ne Inna ke cin abinci. Ni ma nan nake cin nawa, cikin kwanon da na zo da shi daga gida. Wanda ke neman abinci mai araha a garin, gaskiya irin waɗannan wuraren ne: shinkafa da miyar kifin gulbi, ko gasasshen kifi da yaji da albasa. Sai dai ya aika a sayo masa. Da na tambayi Madam wa ke yanka mata nama, sai ta ce, "Mahaucina Bahaushe ne, Malam, ya fi ka gemu."

Masu zuwa wurin da yawa Musulmi ne. Wani zai shigo yana fito, ya hango rawani, ya dafa aljihu kamar ya yi mantuwa, ya juya. Waɗanda suka riga suka zauna sai su sauke kwalabe ƙarƙashin tebur, su riƙa sunkuyawa kamar masu gyara takalmi. Garmaho aka rage masa murya. Wani akawun gidan waya ya jawo kujera har gabana ya tambaye ni rabon gadon mahaifinsa, mata biyu da 'ya'ya, na raba masa, ya gode, ya koma ya sunkuya. Ban yi wa kowa wa'azi ba. Baƙo ne ni, kuma ba abin da ya kawo ni ke nan ba.

Inna ta fara samun ƙarfi, har ina jiyo muryarta tana yi wa yara faɗa. Ranar kasuwa ba ta zo ba tukuna. Sai ga Madam ta tsaya kaina, hannu a ƙugu.

"Malam, kai mutumin kirki ne, amma ka kashe mini kasuwa."

"Ni? Ko magana ban yi ba."

"Da ka yi maganar ma da sauƙi, sai su yi fushi su ƙara sha. Dubi teburana! Firji cike, ba mai buɗewa. Cire rawanin nan."

Na cire, na bar hula. Ta ja baya ta dube ni.

"Gemun fa?"

"Shi kam ba ya ciruwa, Madam."

Ta yi dariya, amma ba ta sauka daga maganarta ba. "To ka shiga ciki wajen matanka kamar kowane maigida. Ko ka shiga, ko ku nemi wani wuri. Ni ma 'ya'ya gare ni a makaranta."

Ban ga laifinta ba. Na yi ƙoƙarin bayyana mata, ta ce a ƙasarsu suruka da suruki kwano ɗaya suke sa hannu, har su yi rigima kan nama. Muryarta kuwa ba ta san rada ba, kuma a bakin lungun muke.

Washegari da rana ta take, na tsaya cikin lungun, ban shiga rumfa ba, ban tura ƙofa ba. Ina tunanin ko in koma wajen fatoma in sake roƙo, ko mu haƙura da Goggo Dije mu kama hanyar Maraɗi, hanyar da na san abin da za ta yi wa tsohuwa. Sai na ji Inna daga ciki. Da Hajara take, amma ta ɗaga murya yadda ba ta saba ba.

"Ke, ba masallaci shika zuwa ba in za mu ci abinci?"

Na ji Hajara ta shiga motsa kwanuka.

"Tambayarki nike. Abin da matar nan ta faɗi jiya, gaskiya ne? Cikin mashaya shika zama?"

"Bakin ƙofa ne, Inna. Tsaronmu yake yi."

"Malamin da ke ba 'ya'yan mutane karatu. Don cikina. Kuma kika bar ni ina ci."

"To ya za a yi, Inna? Kin kusa faɗuwa."

"Ɗauko tabarmar nan. Shimfiɗa ta bakin ƙofa, ta ciki. Shi dubi ƙofa, ni in dubi katanga. Wanda bai waiwaya ba bai ga kowa ba."

Ƙofar ta buɗe, Hajara ta yi mini alama da kai. Na tuɓe takalma na shiga da baya, kamar mai jan akuya, yara suna toshe baki don dariya. Na zauna, hancina ya kusa taɓa kwanon ƙofar. Hajara ta ajiye mini kwanona a gaba, ta koma. Tsakanina da Inna bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ban taɓa zama kusa da ita haka ba.

A waje Madam ta ƙara wa garmaho murya, ana buɗe kwalabe. A bayana kuwa ba motsi. Na gane ba za ta fara ba, ni ma hannuna ya ƙi tashi daga gwiwa. Abinci yana hucewa. Daga ƙarshe na yi bisimilla a bayyane, na yanki loma na kai baki, na haɗiye. Na saurara. Can sai na ji ludayi ya taɓa ƙwarya, ya sake taɓawa.

Na ci gaba a hankali, ina tauna ba sauti. Mun yi nisa sai ludayin ya tsaya.

Inna ta ce, "Ke, ƙara mishi miya. Ban ji shina ci ba."